Mai Sharar Ɗakin Likita

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, sai dai kakata ta riga mu kama hanya. Ban sami jana'izarta ba. Ina Ɗan Isa muna sauke kaya daga kamyon, babbar motar da nake tuƙawa, aka kira ni a waya, kafin in iso Madarunfa la'asar ta yi, gulbi kuma ya kawo har ya shanye mashigi. Ƙauyenmu yana ƙetare, don haka na tsaya a gaɓa ina jiran mai jirgi kamar baƙo. Da muka shiga ruwa sai komai ya yi tsit. Ruwan ja ne, yana tafe da karare da kumfa, balbelu na bin samansa ƙasa-ƙasa za su wurin kwana. A ɗaya gaɓar na hangi wata tsohuwa a duƙe, hannunta na kai da komo a ƙasa, har na buɗe baki zan kira ta. Da muka matso sai na ga kututturen gawo ne, ruwa na kaɗa ciyawar da ta maƙale masa. Mai jirgi ya dube ni ya ce, "Yi haƙuri, ɗan'uwa. Ni ma ita ta yanke mani cibi."

Wannan magana ita na yi ta ji har na isa gida. An shimfiɗa tabarmi a inuwar itacen bedin ƙofar gidanmu, maza sun cika wurin har bakin hanya, kuma duk wanda ya miƙo mini hannu ya ce Allah shi jiƙan ta, sai ya ƙara da cewa a hannunta ya faɗo duniya. Wata Bafulatana ta zo daga rugarsu da ƙwaryar nono, ta ajiye a tsakar gida, ta zauna kusa da ita tana kuka, ba wanda ya san sunanta. Tsohon magajin garin komin ɗinmu, wato ƙaramar hukumarmu, wanda suka yi shekara da shekaru suna sa-in-sa da Kaka, ya iso da takalmi a hannu, wando a naɗe, laka har gwiwa. Da ya zauna aka yi addu'a, sai ya share ido da bakin rawaninsa ya ce, "Yau kunnena ya huta. Kuma wallahi ban so ba." Mutane suka yi dariya, dariyar ta ƙare da hawaye.

Babana, wanda shi ne babban ɗanta, yana zaune a tsakiya da carbi. Yana amsa gaisuwa yadda ta kamata, amma idonsa na wani wuri. Ban taɓa ganin sa haka ba, shi da yake da bakin magana ko a wurin makoki.

A bayan tabarmi kuwa, inda masu ƙananan murya ke zama, zance ɗaya ake yi. Ɗakin likita fa? A gefen ƙauyenmu, a hanyar tabki, akwai ɗaki guda na siminti mai rufin kwano da koriyar ƙofa, wanda aka gina don ya zama wurin shan magani da karɓar haihuwa, amma har yau ba a turo masa ma'aikaci ba. A gonar Kaka aka gina shi, kuma aro ta bayar, da sharaɗin da babana ya kafa gaban mai gari da liman: in ta bar duniya ba a buɗe ɗakin ba, masu shi su zo su kwashe kwanonsu da ƙofarsu, gona ta dawo gida. Ga shi ta bar duniya, ba a buɗe ba. Kowa ya san ranar sadakar uku babana zai faɗi maganarsa, kuma kowa ya san abin da ya daɗe yana cewa zai faɗa.

Ba a gane ɗakin nan sai an san yadda aka haife ni. Da damina ce irin wannan. Naƙuda ta yi wa mahaifiyata gardama, Kaka, wadda ita ce ungozomar gari, ta yi iya abin da ta sani, ta ga abin ya fi hannunta, ta ce a ɗauro amalanke a kai ta likita, wato asibitin Madarunfa. Suka iso gaɓa suka tarar gulbi ya kawo, mai jirgi yana wancan ƙetaren bai ji kiransu ba. A nan bisa amalanke aka haife ni, Kaka ta yanke mini cibi, a nan kuma mahaifiyata ta cika, ana hangen rufin gidajen Madarunfa. Babana ne ke riƙe da igiyar shanun. Kaka ta goya ni zuwa gida, ta raine ni da nonon akuya da kunu, ba ta sake mayar da ni hannun kowa ba.

Ango take kira na, ni kuma in ce mata Amarya, yadda jika da kaka ke yi. "Angon banza," in ji ta, "ɗan bakin gulbi, wanda bai taɓa sayo mani ko kallabi ba." In ce mata ai amaryar da ba ta da haƙori kallabi ɗaya ya ishe ta. Sai ta wawuri muciya, ni kuma in ruga. Har na yi gemu na yi iyali ba mu daina ba. Gajeruwa ce, baƙa, mai saurin tafiya, kullum da goro a kunci, kuma ba ta iya yin raɗa ba. In ta ce za ta gaya maka asiri, maƙwabta na jin sa.

Ban san mai mafarki kamarta ba. Kowace safiya, muna shan koko, sai ta ba da labarin inda ta kwana. Wata rana ta je Makka a kan jaki, wata rana kifayen tabki sun fito suna gaishe ta da sunanta. Ta yarda da waliyyan da ke kwance kewaye da tabkin Madarunfa yadda ta yarda da maƙwabtanta, tana cewa suna jin duk abin da ake yi a ƙasar nan, kunya ce kawai ta hana su sa baki. Amma akwai mafarki guda da yake dawo mata tun ina ƙarami. Wai tana ganin ɗaki mai farin bango a gefen gari, ruwan tabki ya taso har bakin ƙofarsa ya tsaya, bai shiga ba, furannin bado suna lilo a dokin ƙofar. A ciki wata mace mai farar riga tana wanke hannu a kwano. In ta kawo nan a gaban mutane sai ta tsaya. Ni kaɗai take ƙarasa wa: wai a bisa gadon ɗakin mahaifiyata ce zaune, da jariri a cinya, tana shan kunun kanwa tana dariya. Babana kuwa da ya ji an fara zancen farin ɗaki sai ya ɗauki hauyarsa ya fita.

Ina saurayi aka yi dokar da ta raba ƙasa komin-komin, kowace da majalisarta da magajin garinta, aka ce daga yanzu talakawa su za su zaɓi masu kula da rijiyarsu da kasuwarsu. Wata dokar kuma ta ce dole a sa mata cikin 'yan takara. Sai 'yan siyasa suka shiga neman mace ido rufe, kuma a ƙauyukan ƙetaren gulbi babu macen da aka sani kamar wadda ta yanke wa kowa cibi. Sun ɗauka za ta ba da suna ne kawai ta koma ga turminta. Suka zo da goro da ladabi, ta saurare su har suka gama, sannan ta ce, "In na shiga, ana bari in yi magana?" Suka ce sosai ma, Iya. Allah sarki, ba su san abin da suka sayo ba.

Haka kakata ta zama konseye, wato 'yar majalisar komin. Ranar zaman majalisa takan yi wanka tun da sassafe, ta ɗaura zanenta na saƙi, in gulbi ya bushe ta taka da ƙafa, in ya kawo ta shiga jirgi. Na taɓa raka ta lameri, ofishin magajin gari, sau ɗaya, na tsaya a taga. In 'yan boko suka juya harshe zuwa Faransanci sai ta gyara lulluɓi ta ce, "In kun gama nasaranci ku tashe ni," ta rufe ido. Da an dawo Hausa sai ta ɗaga hannu. Ko zancen harajin kasuwa ake, ko na burtali, ko na rumfunan lakwal inda yara ke karatu, abin da za ta faɗa guda ne: "Ranka shi daɗe, gulbi ya kawo, mata na da ciki." Magajin gari ya ce, "Iya, rani muke ciki." Ta ce, "Cikin da anka ɗauka da rani, da damina a ka haihuwa tai." Tun ana dariya har aka daina, har sunan ya bi ta. Daga Gabi zuwa Sarkin Yamma, in ka ce Gulbi-ya-kawo an san wa kake nufi.

Game da doka tana da magana guda da take yawan yi. Takan ce doka hadarin gabas ce, kana ganin ta tana tahowa baƙi ƙirin, ba ka san ko ruwa ta ɗauko ko iska ba sai ta iso kanka. Da aka zo aka karanta musu cewa gwamnati ta miƙa wa komin kula da ƙananan gidajen likita da lakwal da ruwan sha, 'yan majalisa suka yi ta tafi. Ita ta tambayi abin da aka haɗo da shi. Magajin gari ya yi 'yan kame-kame, ya ce sauran na tafe. Ta dawo gida ta ce mini, "Ango, an ba mu jaki, harawa tana Yamai." Duk da haka ta yi murna, don ta ce da babu gara ba daɗi, kuma jakin da ke hannunka ka fi sanin yadda za ka lallaɓa shi.

Sannu ba ta hana zuwa. Wata shekara aka sami masu taimako da suka yarda su gina ɗakin shan magani a ƙetaren gulbi, in gari ya ba da fili. Nan fa kowa ya tuna gonarsa ta gado ce. Kaka ta miƙe a gaban mai gari ta ce ga gayaunarta, 'yar gonarta ta hanyar tabki, a gina.

A nan suka ɓata da babana, ɓacin da ban taɓa ganin irinsa tsakanin uwa da ɗa ba. Mutane sun ɗauka rowa ce, har ana yi masa habaici a majalisar shayi. Ni ma na ɗauka haka, kuma na ji haushinsa ƙwarai. Sai daga baya Gwaggo, ƙanwarsa, ta zaunar da ni ta gaya mini. Gayaunar nan Kaka ta ba mahaifiyata ita tun tana amarya, a nan take shuka kuɓewa da yakuwa. Bayan rasuwarta yakuwar ta ci gaba da fitowa da kanta kowace damina, babana kuma yakan je shi kaɗai ya yi mata noma, bai taɓa cire ko ganye ɗaya ya kawo gida ba. Abin da ya rage masa na matarsa ke nan, ban da ni.

Na ji su da kunnena ranar da abin ya fashe. Ya tsaya a ƙofar ɗakinta, bai shiga ba, ya ce, "Inna, ɗakin ga da kike so, ina shike ranar da nike riƙe da igiyar shanu? Yanzu da ba shi da amfani gare ni za a zuba siminti bisa yakuwarta?" Ta ce, "Ba don kai za a yi shi ba, ɗana. Don wani mai riƙon igiya ne da bai zo ba tukuna." Ya ce, "Za ki ba gwamnati gona ta ba ki kango." Daga nan ne ya kafa sharaɗinsa gaban mai gari da liman, ita kuma ta amsa. Damina guda cur gaisuwa kawai ke haɗa su. Yakan durƙusa da safe ya ce ina kwana, ta ce lafiya lau, ya tashi. Daga baya sun koma hira da dariya, amma ko hanyar tabki zai bi sai ya zagaya ta bayan makabarta don kada ya ga ɗakin.

Aka gina ɗaki, aka shafa masa farar ƙasa, aka kawo gado ɗaya na ƙarfe da tebur. Saura majo, wato ma'aikacin da zai zauna yana duba mutane. Komin ta ce albashinsa na gwamnati ne, gwamnati ta ce ai an miƙa wa komin. Kaka ta yi ta zirga-zirga tsakanin ofisoshi har masu gadi suka san tafiyarta daga nesa, kowa ya tarbe ta da mutunci, ya ba ta kujera, ya ce ana dubawa. Magajin gari da ya gaji ya zare makullin ɗakin daga aljihu ya ba ta, ya ce ta riƙe kafin majo ya zo. Ta ɗaura shi a bakin zanenta, a nan ya zauna har ranar da aka yi mata wanka.

A wajenmu an san ɗaki yana mutuwa kamar mutum. Ɗakin da ba a share shi, ba a tayar da hayaƙi a cikinsa, jemagu ne ke fara shiga, sai gara, daga nan sai waɗanda ba a ambaton sunansu su tare. In sun tare kuwa, ko da zinariya aka shafe bangon babu mai cikin da za ta yarda ta kwanta a ciki. Kaka ta san wannan sarai. Don haka kowace safiya, da an sallame sallar asuba gari ya fara haske, sai ta ɗauki tsintsiya da kaskon wuta ta nufi hanyar tabki. Takan yi sallama a ƙofa kamar akwai mutane, ta buɗe taga, ta fara shara daga ƙuryar gabas ta fito da ƙurar waje. Sannan ta zuba ƙaro ko ɓawon itace a kasko, hayaƙi ya zagaya kusurwa huɗu. Ta share farfajiya har bakin hanya, ta cika randar da ta kafa a ƙofa don masu wucewa. In ta gama, sawun tsintsiyarta yakan kwanta a rairayi layi-layi, irin na ruwan tabki in iska ta shafe shi.

Nakan tsokane ta in na zo gida. "Amarya, wa kike yi ma shara, iskoki?" Ta ce, "Su nike hanawa, rago. Kai da ko ɗakinka ba ka iya sharewa." Wata rana da na matsa mata, sai ta ajiye tsintsiya ta dube ni da gaske. Ta ce masu duba gidajen likita ba su sanar da ranar zuwansu. In suka zo suka tarar da kashin jemage da gara, za su ce mutanen nan ba su so, su wuce. In suka tarar da shi da rai, ko ba yau ba, za su tuna. "Baƙon da ba ka san ranar zuwanshi ba," in ji ta, "kullum a ka yi mashi shimfiɗa."

Sau ɗaya na ga ɗakin ya yi abin da aka gina shi dominsa. Masu rigakafin yara suka zo ƙauyenmu suna neman inuwar da za su zauna, Kaka ta tare su a hanya ta ce inuwar me, ga likita. Yini guda ɗakin ya cika da mata da kukan jarirai da warin magani. Cikin ma'aikatan akwai wata yarinya mai farar riga, da ta nemi ruwa ta wanke hannu a kwano, sai na ga Kaka ta dafa bango. Ta sa zanenta na saƙi ranar, ta zauna a dokin ƙofa tun hantsi har rana ta yi sanyi, tana kallon masu shiga da fita. Da yamma suka kwashe kayansu suka tafi. Muna komawa gida ta ce mini a hankali, karo na farko da na ji ta yi raɗa, "Ango, ka gani? Saura ruwan tabki da bado." Ban tsokane ta ba ranar.

Ta yi zamaninta a majalisa ta sauka, aka sake zaɓe, aka sake, makulli dai yana bakin zanenta, kuma ba ta daina zuwa lameri ba ko da ba ta da kujera. Sai kuma aka wayi gari mulki ya sauya, aka yi dokar da ta rushe majalisun komin gaba ɗaya, aka naɗo wakilai daga sama su riƙe. Da labari ya iso mata, abin da ta fara tambaya shi ne, "Dokar ta rushe naƙuda ita ma?" Aka ce a'a. Ta ce to aikinta na nan. Kashegari ta dama fura da nono mai kauri, ta sa aka ƙetare da ita, ta tafi gidan magajin garin da aka sauke, mutumin da ta hana sakat shekara da shekaru. Ta tarar da ƙofar gidansa wayam, babu ko ɗaya daga masu zuwa gaisuwar safe. Ta dire masa ƙwarya ta ce, "Sha. Sun tuɓe ka, ni sun daɗe da tuɓe ni, ga ni ban mutu ba." Shi ya ba da wannan labari da bakinsa a wurin makoki. Sabon wakilin ma ta je ta gaishe shi, ta gaya masa gulbi ya kawo. Ya karɓe ta da girmamawa, ya ce zai duba.

A 'yan shekarun nan bayanta ya ƙi duƙawa. Sai ta koma tafiya da 'yar kujerar mata. Ta zauna, ta share iya inda hannunta ya kai, ta ja kujera gaba, ta sake sharewa. Sharar da take gamawa kafin rana ta fito ta koma kai ta hantsi. Matana da jikokinta mata sun yi sun yi ta bar musu, ta ce ɗaki ya san hannun mai shi. Na sayo mata doguwar tsintsiya mai sanda daga Maraɗi, ta juya ta, ta ce wannan ta ma'aikatan gwamnati ce, shi ya sa ba su ganin ƙasa. Da ita ta riƙa korar kaji.

Yadda ta cika, Gwaggo ce ta ba ni labari, muna zaune a ɗakin Kaka da ƙanshin goronta bai bar shi ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita, ranar kuma da hantsi numfashinta ya sauya. Ta buɗe ido ta ce, "Ku kai ni likita." Babana ya fita da gudu ya ɗauro amalanke, ko da yake ya san gulbi ya kawo. Da suka ɗora ta, ya kama igiyar shanu ya juya su wajen mashigi, sai ta ɗaga murya yadda ta saba: "Ba Madarunfa ba, wawaye. Tamu." Gwaggo ta ce babana ya tsaya cak kamar an dasa shi. Sannan ya juya shanun.

Shi ya kwance makullin daga bakin zanenta, shi ya ɗauke ta a hannu ya shiga da ita, kuma ranar ce ya fara taka cikin ɗakin tun da aka gina shi. Suka kwantar da ita a gadon ƙarfe. An yi ruwa da safe, fadamar tabki ta malalo har kusa da farfajiya, hasken ruwan na wasa a jikin kwanon rufi. Ta daɗe tana kallon sa. Can sai ta kamo hannun babana ta ce, "Ka gan ta? Ga matarka nan zaune, tana shan kunu. Ta ce a gaishe ka da noman yakuwa." Daga nan ta yi kalmar shahada, liman na maimaita mata, ta tafi. Gwaggo ta ce Kaka ce mutum ta farko da ta kwanta a gadon nan.

Kwanakin makoki na yi su ne kamar mai tafiya cikin ruwa. Ina son in yi wa babana maganar ɗakin, ina jin nauyi, don ɗa ba ya koya wa uba abin da zai yi da gonarsa, balle wannan gona. Ranar sadakar uku, bayan sallar asuba, na kasa komawa gida. Ƙafata ta ɗauke ni hanyar tabki, ina cewa a raina bari in ga ɗakin sau ɗaya kafin a yanke masa hukunci. Gari ya fara haske, tururi na tashi daga fadama yana rufe gindin itatuwa, har ɗakin ya zama kamar yana shawagi. Sai na ga taga a buɗe. Na ga mutum a duƙe a ciki, hannunsa na kai da komo a ƙasa. Na tsaya na murza ido, don na tuna kututturen gawo.

Babana ne. Ya naɗe hannun rigarsa, yana riƙe da gajeriyar tsintsiyar Kaka a tsakiyarta, yadda namijin da bai taɓa shara ba yake riƙewa. Maɗaurin ya saki, tsinke na zubewa, kuma daga bakin ƙofa ya fara, yana tura ƙurar ciki. A gefe ga kaskon wuta ya ajiye, garwashin ya kusa mutuwa don bai san ana fifita shi ba. Dattijo mai furfura, wanda in mutanen gari suka gan shi da tsintsiyar mata za a yi shekara ana labari.

Ya ji motsina ya ɗago. Muka dubi juna. Na ɗauka zai yar da tsintsiyar ya ce wani abu ya zo nema. Sai ya miƙe da ƙyar, ya dafa ƙugu, ya dubi kusurwoyin ɗakin ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Kai ka san ta. Daga ina take farawa?"

Na ce, "Daga ƙuryar gabas, Baba. Ta fito da shi waje."

Na karɓi tsintsiyar, na buga gindinta a tafin hannuna yadda Kaka ke yi har maɗaurin ya kama, na mayar masa. Ya taka zuwa ƙuryar gabas ya duƙa. Ni kuma na tsuguna a ƙofa ina hura garwashi, ina roƙon Mai rahama Ya share wa kakata makwancinta, Ya haskaka shi, Ya sa ta tarar an yi mata shimfiɗa. Hayaƙi ya tashi ya fara zagaya ɗakin.